Shuɗin Rubutun Bangon Alƙibla

Litinin, 3 ga Maris

Yau shuɗi ya fito. Wata uku ke nan ina kan dandamalin katako a tsohon masallacin nan, ni da 'yar askata, ina ɓare farar ƙasar bangon alƙibla ɓawo bayan ɓawo, ba abin da nake gani sai fari a kan fari. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya askar ta ɗaga wani ɓawo, sai ga wutsiyar harafi, shuɗiya, kamar jiya aka ɗauke burushi daga kanta. Na ajiye askar. Na zauna ina kallonta har ƙafata ta sage.

Farfesa, shugaban aikinmu, ya hau tsani yana haki. Ya duba da gilashinsa ya ce, "Kyau kam akwai kyau, Dakta. Amma kin san ƙa'idar kwamiti, abin da ya fi tsufa shi ake bari a bango. In akwai wani rubutu a ƙarƙashin wannan, to wannan cire shi za a yi."

Na ce masa babu komai a ƙarƙashi. Ban san inda na samo wannan tabbaci ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Haruffa bakwai sun fito. Aya ce, ta miƙe a saman mihrabi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shuni ne aka dama da ƙaro, irin haɗin mutanen da.

An rufe masallacin tun da rufinsa ya tsage, a tsakar gida ake salla yanzu, don haka cikin nawa ne ni kaɗai, sai tattabaru. Akwai wata 'yar taga can sama. Da hantsi haske yakan shigo ta cikinta ya sauka a bango, ya yi ta tafiya a hankali har ya iso inda nake aiki, ya ɗan tsaya a kan haruffan. A lokacin nan ba na iya taɓa komai. Sai in ga kamar marubucin yana tsaye kusa da ni, ya naɗe hannun riga, yana jiran hasken ya wuce ya ci gaba. Na raɗa masa suna, Mai Shuni. In Farfesa ya ji wannan zai ce rana ta taɓa ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Umma ta ga farar ƙasa a gefen ɗankwalina ta kama dariya. Wai duk karatun nan da jirgin da aka hau, ashe dai fenti na gada. Na ce mata ni ba fenti nake yi ba, binciken tarihi nake yi. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, mai binciken bango."

Ta san abin yana sosa mini rai, shi ya sa take yi. Baba, Allah ya jiƙansa, mai rubuta allunan shaguna ne da bayan manyan motoci. Shekara tara da rasuwarsa. Ban taɓa rubuta sana'arsa a takardar makaranta ba, ɗan kasuwa nake sa wa. A wurin aiki ma ba wanda ya sani. Na faɗa a nan ne kawai don littafin nan ba ya da baki.

Laraba, 12 ga Maris

Mun ƙirga ɓawon farar ƙasar da ke kan shuɗin, ni da Farfesa, kowa da gilashinsa, sau uku don kada a yi kuskure. Saba'in da ɗaya. Lissafin da ake bi a irin waɗannan gine-gine shi ne shafe ɗaya a kusan duk shekara biyar. Shekara ɗari uku da hamsin ke nan, daidai da shekarun ginin kansa. Farfesa ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Da alama kin ci, Dakta." Saura kaɗan in rungume tsani.

Da rana na yi ta saƙa rayuwar Mai Shuni. Na ba shi gemu mai furfura kaɗan. Na ba shi doguwar tafiya, daga wani gari mai nisa da ban san sunansa ba, da jakar fata cike da alƙalumma. Ba shi da yawan magana. Yana jan wutsiyar harafi ya sake ta a hankali, kamar mai sauke jariri a kan shimfiɗa. Na tabbata bai taɓa gaggawa ba a rayuwarsa. Ina son mutumin nan, in faɗi gaskiya, kuma ina jin haushin na makara da shekara ɗari uku.

Juma'a, 14 ga Maris

Ba aiki. Na rufe ido bayan azahar, shuɗin nake gani.

Talata, 18 ga Maris

Ladan ya ɓata mini rana. Tsoho ne mai kirki, shi ke kiran salla, shi ke shara, kullum yakan kawo mini shayi ya tsaya a ƙasan dandamali yana kallon abin da nake yi da bangonsa. Yau yana miƙo kofin sai ya fara mita, wai bana an hana shi shafe, bokitinsa da burushinsa suna nan suna kallonsa.

Na ce, "Malam, ai ba a kai lokaci ba, ko? Ba sai an yi 'yan shekaru ake yi ba?"

Ya ce, "Shekaru kuma, 'yata? Sau biyu nake yi duk shekara. Ni ba na son ganin datti a gaban masu salla. Tun da na karɓi wurin nan ban taɓa fashi ba, shekara talatin da biyar."

Na ajiye kofin. Talatin da biyar sau biyu, ko ɗan firamare ya san amsar. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mana ba ranar da ya ga muna ƙirga. Ya ce ya ga manyan malamai da gilasai, ya ɗauka wani abu muke nema, kuma ba wanda ya tambaye shi. Rubutu fa? Ya ce shi fari ya tarar da bangon.

Ban gaya wa Farfesa ba. Tsufa ne, na ce wa kaina, tsofaffi sukan haɗa shekaru. Har yanzu ina faɗa wa kaina haka.

Alhamis, 20 ga Maris

Na yi abin da nake gudu. A kusurwar dama, inda ba harafi, na buɗe 'yar kafa kamar faɗin akwatin ashana, na shiga ƙarƙashin shafen da shuɗin yake kai. Askar ta kama wani abu mai laushi. Ƙyalle ne. Farin yadi marar kauri, an manna shi a bango da ƙaro kafin a yi shafen. Na sa gilashi. Saƙar inji ce, zare a jere ba ko karkata, babu masaƙin da ya yi wannan shekara ɗari uku da suka wuce. A bakinsa akwai kalmasa da koren zare, ɗinkin hannu. Na ɗaga bakin ƙyallen kaɗan, sai ga baƙin layi siriri a ƙasa, ya koɗe. Wani rubutun ne.

Na ɗauki hoto, na mayar da ƙyallen, na rufe kafar da auduga. Hasken ya zo ya tsaya a kan haruffan kamar kullum, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Mai Shuni da jakarsa ta fata da garinsa mai nisa, duk ni na ƙaga. Wani ne kawai na jiya-jiya. Amma rubutun bai rage kyau ba ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe ina zaune a falo da kwamfuta, na buɗe hoton ƙyallen na ƙara masa girma. Umma ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya a bayana. Ta daɗe. Sai ta ajiye kwandon ta ce in ƙara matso mata da koren zaren. Na matso. Ta sa yatsa a kan gilashin ta bi ɗinkin.

Ta ce, "Wannan ai mayafina ne."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ita ta yi kalmasar da hannunta, farin zare ya ƙare mata ta ƙarasa da kore, kuma duk bayan ɗinki huɗu takan koma baya sau ɗaya, haka kakata ta koya mata. Na duba. Huɗu, baya ɗaya. Huɗu, baya ɗaya.

Sauran na ji shi ne guntu-guntu, don kunnena ya riƙa ɗaukewa. Shekarar farko ta aurensu, kafin a haife ni. Limamin wancan lokaci ya kira Baba, tsohon rubutun yana zubewa, ya ce a shafe a sake sabo. Baba ya kwafe shi a takarda harafi bayan harafi, ya kawo gida, ya yi kwanaki yana huda layukan da allurarta don ya mayar da su daidai inda suke. Da aka zo shafe ya ce shi ba zai ɗora farar ƙasa kai tsaye a kan ayar Allah da hannun wanda ya riga shi ba. Ya dawo gida ya ɗauki sabon mayafinta, wanda ko sau biyu ba ta yafa ba, ya yayyanka shi dogo-dogo ya rufe tsohon rubutun da shi. "Kwana uku ban yi masa magana ba," in ji ta. Fentin gwangwani ma ƙin sa ya yi, ya je ya koyo haɗin shuni wurin wani tsoho. Kwana arba'in yana kan tsani.

Bayan 'yan shekaru aka yi sabon liman, ya ce rubutun yana ɗauke hankalin masu salla, aka bi shi da farar ƙasa. Baba ya je ya gani, ya dawo ya ci abincinsa, bai sake ambaton masallacin ba har ya koma ga Allah.

Na ce, "Umma, wata uku ina zuwa wurin nan, ba ki ce mini komai ba?"

Ta ce, "Ke da ba kya son a haɗa aikinki da nasa? Kuma na ɗauka ya daɗe da lalacewa." Ta ɗauki kwandonta. A bakin ƙofa ta juyo ta tambaye ni ko rubutun yana nan da kyansa. Na ce yana nan.

Litinin, 24 ga Maris

Na hau dandamali na zauna, ban ɗauki aska ba. Na yi ƙoƙarin cire wa Mai Shuni gemun da na ba shi in sa masa fuskar Baba, abin ya ƙi zama. Baban da na sani mai ƙaurin kananzir ne, mai rediyo a aljihu, mai tsayawa a bakin titi yana gardama da direbobi a kan launin fure. Wai shi ne mai sakin wutsiyar harafi haka. Shekararsa ashirin da wani abu a lokacin, ya fi ni ƙuruciya nesa ba kusa ba. Sai na ga wani saurayi siriri a kan tsani, da guntun mayafin amaryarsa a kafaɗa, yana tsoron komawa gida. Na yi dariya ni kaɗai har tattabaru suka tashi, daga nan kuma ban san lokacin da dariyar ta juye ba.

Laraba, 26 ga Maris

Ga yadda abin yake. Kafar nan ni kaɗai na san da ita. Ɗan shafe kaɗan ya isa ya rufe ta, hannuna kuwa ba a gane gyaransa. Farfesa ya riga ya rubuta shekara ɗari uku da hamsin a daftarin rahoto. Ladan ba wanda zai tambaye shi, an saba. In na yi shiru, rubutun Baba zai zauna a bangon nan, a sa masa gilashi da fitila, mutane su zo daga nesa su tsaya a gabansa. Sai dai da sunan wani za su tsaya, wani da ba a taɓa yi ba. In na yi magana, za a cire shi.

Na dama shafen ma. Yana nan a kofi har ya bushe.

Abin da ya hana ni, ina jin, mayafin ne. Mutumin da ya yarda matarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba don kada tsohon rubutu ya mutu, ni ce zan binne rubutun nan har abada don in ceci nasa? Na ji muryarsa sarai, yadda yakan ce mini in na yi ƙarya ina yarinya, "Uwata, sake faɗa, ban ji ba."

Juma'a, 28 ga Maris

Jiya na kai Farfesa kusurwar na cire audugar. Ya duba ƙyallen, ya duba baƙin layin, na kuma gaya masa maganar Ladan. Ya zauna daɓas a kan katako ya yi ta dariya yana cewa shekara talatin yana koyar da lissafin nan, ashe tsoho ɗaya mai son tsabta ya isa ya rusa shi. Da ya nutsu ya ce ko wane ne ya manna ƙyallen nan ya san abin da yake yi, ba don shi ba da babu abin da za mu tarar. "Ko an san ko wane ne?"

Na ce an sani. Na ce mahaifina ne, mai fenti ne. Muryata ta fito ƙarama kamar ta mai ba da haƙuri, na ji kunyar hakan fiye da komai.

Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti, amma kada in sa rai.

Talata, 1 ga Afrilu

Kwamiti ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. A ɗauki hotuna, a gwada ɗaga shuɗin gaba ɗaya in zai yiwu, in bai yiwu ba tsohon ne gaba. Farfesa ya ce zai kira wani ya yi cirewar don ya sauƙaƙa mini. Na ce a'a. Ba wanda zai sa wa bangon nan aska sai ni.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Umma ta zo. Ba ta iya hawa tsani, don haka Ladan ya kawo mata kujera ta zauna a tsakiyar masallaci ta ɗaga kai. Na so hasken ya iso tana nan, ya kuwa iso. Ta kalla har ya wuce. Abin da ta ce kawai, "Ashe bai yi asarar mayafin ba." Ladan ya yi ta ba ta haƙuri wai shi ne ya yi ta lafta wa aikin mijinta farar ƙasa bai sani ba. Ta ce masa ai shi ya adana shi, da a buɗe yake da rana ta cinye.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwana huɗu ina yi. Na manna siririn ƙyalle a fuskar rubutun don ya riƙe shi, na bi ta baya da aska ina raba mayafin da bango. Tsohon ƙaron yana saki da ɗan ɗumi, lafiya lau, kamar an yi shi don a buɗe wata rana. Shafen Baba ne bai yarda ba. Bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, da mayafin ya lanƙwasa sai ya ruguje. Na gwada duk dabarar da aka koya mini. Haruffa suna zubo mini a tafin hannu suna zama gari. Ladan ya shimfiɗa farin zane a ƙasa yana tara garin, ya ce aya ce, ba za a bari a taka ba, zai binne a wuri mai tsarki.

Guntu ɗaya ya fito lafiya, kamar faɗin tafi biyu, haruffa uku da rabi. Shi ke nan abin da ya rage.

Tsohon rubutun ya fito cif, daga kusurwa zuwa kusurwa, baƙi-baƙi, siriri, ba harafin da ya ɓata tun ranar da aka rufe shi. Farfesa har da hawaye. Kowa yana ta yi mini barka. Na tsaya a gabansa ina jiran in ji wani abu game da wannan marubucin na gaske, in ba shi gemu ko gari. Ba abin da ya zo. Duk inda na bi da ido, inda Baba ya bi nake gani.

Laraba, 9 ga Afrilu

Shunin ya shige mini ƙarƙashin farce, duka goma. Da na dawo jiya da la'asar Umma ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta sake.

Na tuna wata safiya, ina aji uku. Ya raka ni makaranta, a bakin ƙofa ya miƙo hannu zai riƙe nawa mu tsallaka titi, farcensa duk fenti, 'yan ajinmu suna tsaye suna kallo. Na sa hannuna a aljihu. Shi kuwa ya tsaya ta ɓangaren da motoci ke zuwa har muka tsallaka. Daga ranar a kwanar titi yake tsayawa, ba ya ƙarasowa bakin ƙofa.

Yau da safe na ɗebi ruwan ɗumi da sabulu da burushin farce na zauna. Sai waya ta yi ƙara, sai kuma na ga lokaci ya tafi, ga taron kwamiti ƙarfe goma, ni ce mai bayani. Haka na je. Na yi ta nuna musu hotuna da yatsa, mutum goma sha biyu. Wata a cikinsu ta matso ta raɗa mini cewa akwai wurin wanke hannu a ƙarshen baranda. Na yi mata godiya.

Shunin zai fita da kansa, ba sai an dirje ba. Ba sauri nake ba.